Da Turawa ba su zo ba, ina Daular Sakkwato za ta tsaya?

Idan hira ta kai kan tarihin jihadi, da wuya a tashi ba a jefa wannan tambaya ba. Amsar da aka fi ji ita ce bakin teku, wasu ma su ƙara da Tambutu a yamma da Darfur a gabas. Sai dai duk wanda ya shimfiɗa taswira ya jera shekaru zai ga abin da ke rushe tambayar tun daga tushe. Lokacin da sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, yawancin iyakokin daular sun shekara kusan sittin ba su motsa ba. Gabas ta tsaya tun 1827. Kudu maso yamma ta tsaya wajen 1840. Yamma kuwa ja da baya ma aka yi bayan 1849. Ba Turawa suka tsayar da ita ba, sun dai tarar da ita a tsaye. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me ya tsayar da ita, kuma a cikin abubuwan nan wanne ne kaddarar rana ɗaya da za ta iya juyawa, wanne ne ba ya juyuwa ko da wa ke kan gado?

Wannan irin hasashe yana da ƙa'ida, in ba haka ba sai ya koma tatsuniya. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, kuma abin da zai iya faruwa a zamanin: wani sarki ya mutu da wuri, wani yaƙi ya juya, wata yarjejeniya ta ɗore. Ba a ba Sarkin Musulmi Bello jirgin ƙasa, ba a kawar da ƙudan tsando daga kurmi, ba a ƙara wa rani watanni.

Doki da abin da yake ci

Ƙarfin rundunar daular yana kan doki. A farkon jihadi ba haka abin yake ba, domin a Tafkin Kwatto a 1804 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir, jama'ar Shehu dawakinsu kaɗan ne. Amma da aka ci Alkalawa a 1808, aka gaji barga da sulke da lifidin sarakunan Hausa, sai tsarin yaƙi ya koma na da: barade a gaba, 'yan lifidi su fasa sahu, dakaru da 'yan baka su biyo baya. Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano kaɗai yana iya fitar da dawaki 7,000 da dakaru fiye da 20,000.

To, a yi lissafi da runduna matsakaiciya: mutum 10,000, doki 2,000. A ba kowane mutum kilo ɗaya na gero ko dawa a yini, tan 10 ke nan. Dokin yaƙi da ke ɗauke da mahayi da kayan ɗamara ba ya rayuwa a kan ciyawa kaɗai, yana buƙatar kimanin kilo 4 na hatsi ban da harawa, tan 8 ke nan. An tashi da tan 18 kowace rana. Jaki ya ɗauki kilo 60 a mangala, jaki 300 ke nan don abincin yini ɗaya. Guzurin kwana 20 yana neman jaki 6,000, su kuma jakunan da masu korarsu sai sun ci. A nan lissafin yake cin kansa: duk nisan da aka ƙara, rabon da dabbobin dako ke cinyewa daga kayan da suka ɗauko yana ƙaruwa, har a kai inda ayarin guzuri kansa kawai yake ciyarwa. Shi ya sa babu rundunar da ke ɗaukar abincinta duka. Kowa yana ɗaure ɗan guzurinsa na kwanaki, sauran kuma sai rumbunan ƙasar da aka ratsa. Ma'ana runduna tana tafiya ne kawai inda ake noma da yawa, kuma bayan kaka, lokacin da rumbu ke cike.

Ruwa ya fi hatsi tsanani. Doki a bazara yana shan lita 30 ko fiye, doki 2,000 lita 60,000 ke nan a yini, ban da mutane. Rijiyar ƙauye da ake ja da guga ba ta ba da wannan. Dole hanya ta bi gulbi ko fadama ko tafki, kuma abokin gaba ya san da haka sarai, don haka ya san inda zai yi kwanton ɓauna, ya san rijiyar da zai cike da ƙasa.

Sai lokaci. Yawancin mayaƙan manoma ne, ba sojan albashi ba. Ana kiran yaƙi bayan an kai amfanin gona gida, wajen Nuwamba, kuma da hadari ya fara haɗuwa a Afrilu ko Mayu sansani zai fara zubewa, kowa hankalinsa ya koma gona. A ce kwana 150. A cire 30 na aika takardu da jiran jama'ar Kano da Zazzau da Katsina su iso mahaɗa. A cire wasu 30 na yaƙin kansa, musamman in gari mai ganuwa ne da sai an yi masa zobe. Saura 90, rabi zuwa rabi dawowa. In aka fitar da ranakun hutu, tafiyar kwana 35 ce a kan kilomita 20 a yini, kilomita 700 a ƙafa, abin da bai fi 500 zuwa 550 ba in aka miƙe layi a taswira. Yanzu a gwada: daga Sakkwato zuwa Yola kusan kilomita 900 ne a miƙe, zuwa Kukawa ma haka, zuwa Tambutu ya doshi 1,000, zuwa Ngaundare ya haura 1,100. Rundunar Sarkin Musulmi ba ta iya kaiwa ko da iyakokin da daular ta riga ta mallaka, balle ta wuce su.

Tuta

To ta yaya aka mallake su? Ta hanyar tuta. Sakkwato ba ta aika runduna ta ci Adamawa ba. Modibbo Adama ne ya je ya karɓo tuta wajen 1809, ya koma ya yi yaƙi tare da Fulanin da suka daɗe da shanunsu a kwarin Binuwai. Haka Buba Yero a Gombe, haka Yakubu a Bauchi, haka Malam Dendo a Nufe, haka gidan Alimi a Ilori. Kowace masarauta sabuwar cibiya ce mai nata da'irar kilomita ɗari biyar, kuma tana iya haifar da nata 'ya'yan: Zazzau ta haifi Keffi da Nasarawa da Jama'a, Yola ta haifi Ngaundare da Tibati da Banyo.

Wannan tsari yana da sharuɗɗa, kuma su ne ainihin ma'aunin hasashenmu. Sai akwai jama'ar Musulmi da ta riga ta zauna a wurin, mai malami ko arɗo da ake saurara. Sai akwai dabbobi da filin da doki zai rayu. Sai kuma masu mulkin wurin sun rabu biyu. A Nufe rigimar gado ce tsakanin Jimada da Majiya ta buɗe ƙofa. A Ilori tawayen Afonja ne ga Alafin na Oyo. Inda ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, tuta ba ta kafuwa ko an kai ta.

Akwai kuma abin da tuta ke ci. Wanda ya ci ƙasa da takobinsa ba ya jin gwamna ne da za a ɗaga a sauke. Abin da ke ɗaure shi da Sakkwato shi ne mubaya'a, da naɗin magaji, da gaisuwar shekara ta bayi da tufafi da dawaki, da rangadin Waziri. Idan ya ƙi, sai an roƙi makwabtansa su yaƙe shi. Buhari na Haɗeja ya gwada wannan: Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, ya ƙi tuɓuwa, ya karya rundunar da aka tura masa, ya ci gaba da abin da ya ga dama fiye da shekara goma har ya mutu a fagen fama a 1863. Haɗeja fa ba bakin duniya ba ce, makwabciyar Kano ce. Tibati ma ta sha juya wa Yola baya.

Gabas: in babu Shehu Laminu

Nan ne wurin da mutum ɗaya ya fi canza tarihi, don haka nan ne hasashe ya fi samun gindin zama. A 1808 Gwani Mukhtar ya shiga Birnin Ngazargamu, hedkwatar Barno, Mai Ahmad ya gudu. Daular da ta shekara ɗaruruwa ta kusa zama labari. Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, shi ya tara mashin Kanembu da dawakin Larabawan Shuwa ya ƙwato birnin, aka kashe Gwani Mukhtar. Ibrahim Zaki na Katagum ya sake shiga birnin bayan 'yan shekaru, shi ma bai iya zama ba. Daga baya ma al-Kanemi ne ya juyo da yaƙi, ya doshi Kano, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi a 1827. Daga nan iyaka ta zauna: Haɗeja da Katagum da Misau da Jama'are suka tsaya a hannun Sakkwato, sauran Barno ta tsira.

A cire al-Kanemi daga lissafi. Abu ne mai yiwuwa ƙwarai a kafa masarauta a kwarin Yobe, tuta ta kai gaɓar Tafkin Chadi. Ƙasar ta dace da doki, ita ce ma kasuwar dawaki mafi kyau a yankin, ga hanyar Bilma zuwa Fezzan da Tarabulus, wadda ke kawo sulke da bindiga. Wannan riba ce babba.

Amma matsala biyu na jira. Ta farko ita ce hujja. Barno ƙasar Musulunci ce tun ƙarnuka kafin jihadi, kuma wasiƙun da al-Kanemi ya yi musaya da Bello, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, sun nuna yadda hujjar yaƙarta ta yi wa malaman Sakkwato nauyi. Fulanin yammacin Barno tsiraru ne a cikin Barebari masu nasu malamai da nasu gidan sarauta. Ko babu al-Kanemi, sabuwar masarautar za ta zauna cikin tawaye irin wanda Gwandu ta sha a Kabi. Ta biyu ita ce Wadai. Tun zamanin Sarki Sabun a farkon ƙarni na 19 Wadai ta buɗe hanyarta zuwa Bangazi, ta murƙushe Bagarmi, a 1846 kuma ta shigo Barno ta ƙone Kukawa. Wadai daula ce mai dawaki da hanyar samun makamai, ba ƙananan ƙabilu rarrabe ba. Iyakar da hankali zai ɗauka a gabas ita ce kogin Shari da Logon. Darfur ba ta cikin zance.

Ko an kai Shari ɗin ma, wanda ke mulki a can yana nesa da Sakkwato da kilomita dubu. Mafi kyawun abin da zai faru shi ne a yi masa irin rabon da aka yi a 1812, lokacin da Shehu ya ba Abdullahi yamma ya ba Bello gabas, wato hedkwata ta uku. Mafi muni kuma shi ne abin da ya faru a Masina.

Yamma: darasin Masina da ramin da ke bakin ƙofa

Shehu Ahmadu Lobbo ya yi nasa jihadin a Masina a 1818, ya gina Hamdallahi, kuma da farko yana kallon Sakkwato a matsayin uwa. Da ya kafu, Bello ya nemi mubaya'a, shi kuwa ya ƙi, ya kafa hujja da cewa nisa ya halatta a yi shugaba biyu. Babu abin da Sakkwato ta iya yi, domin lissafin kwana 150 bai kai can ba. Alhaji Umaru Tal ma ya zauna Sakkwato shekaru, ya auri 'yar Bello, amma da ya ci Segu a 1861 da Hamdallahi a 1862, daularsa ya kafa, ba lardin Sakkwato ba. Wato aƙidar jihadi ta kai har kogin Senegal, mulki ne bai bi ta ba. Wanda ke so ya zana taswirar da ta haɗa Masina yana iya yi, in ya canza zuciyar Ahmadu Lobbo, amma abin da zai samu suna ne a huɗuba da kyautar shekara, ba haraji ko runduna ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci yana kusa da gida. Argungu ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, amma daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa ba a sake mallakar Kabi ba. Zabarmawa da Dandawa suka bi sahu, hanyar Gwandu zuwa Sayi da Dori ta zama sai da rakiya. Aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, ya yi 'yan shekaru ya watse, a farkon shekarun 1890 kuma Sarkin Kabi Sama ya kunyata rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman a bakin Argungu. Abin da ya tsare Kabawa fadamar gulbi ce: ƙasa mai laka da ruwa inda lifidi ke jiƙewa ya yi nauyi, doki ya kafe, ga ganuwa a bayanta.

A arewa ma haka. Bello ya yi babbar nasara a Gawakuke a 1836, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk suka faɗi a ranar. Duk da haka Gobirawa suka sake kafuwa a Tsibiri, Katsinawa suka ci gaba a Maraɗi, kilomita 80 kacal daga Birnin Katsina, zamanin Ɗan Baskore kuwa harinsu har cikin ƙasar Kano da Zazzau. A ƙara da Ningi tsakanin Kano da Bauchi, da Abuja inda sarakunan Zazzau na da suka koma, da tsaunukan Jos. Waɗannan ramuka su suka cinye ranin daular shekara bayan shekara. Ribaɗoɗin da Bello ya kafa, har da Wurno inda ya zauna da kansa, duk don tsaron gida ne.

A ganinmu nan ne canjin da ya fi kowane yiwuwa kuma ya fi kowane tasiri, ko da yake ba shi da armashi a taswira. Da an bi bayan Gawakuke da ribaɗi a kwarin Maraɗi, da ba a saki Yakubu Nabame daga Sakkwato ya koma ƙasarsu ba, da dawakin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun sami rani ashirin ko talatin da ba su da aikin tsaron gida. Da wannan ana iya riƙe Dosso da Dandi, a ɗaure Dori da kyau, a matsa wa Damagaram kafin Tanimu ya ƙarfafa ta da igwa da bindigogi. Daga Dori kuma hanyar kudu maso yamma a buɗe take ga doki, shaida kuwa ita ce mayaƙan Zabarma na Alfa Hano da Gazari da Babatu, waɗanda daga shekarun 1860 suka mamaye ƙasar Gurunshi, a arewacin Gana da kudancin Burkina Faso na yau, ba tare da wata daula a bayansu ba. Masarauta ɗaya mai tuta a can ba abin mamaki ba ce. Wucewa nan ne ba zai yiwu ba: Mosi suna da nasu dawakin, Tonawa kuma, wato Asante, suna cikin kurmi da bindigogin bakin teku. Fataken goro sun kai Salaga shekara da shekaru, amma inda ayari ya bi da kuɗin fito ba lalle runduna ta bi ba.

Arewa ba ta buƙatar dogon bayani. Sarkin Agadas ya yi mubaya'a tun zamanin Shehu, kuma iyakar abin da za a samu ke nan. Bayan Adar da Damargu babu rumbu, babu ruwan doki dubu biyu, yaƙin can na raƙumi ne kuma na Abzinawa ne.

Kudu: maganar teku

Ana yawan jingina wa mayaƙan Ilori burin tsoma Alƙur'ani a teku, kuma a taswira abin kamar da sauƙi: daga Ilori zuwa Ikko bai fi kilomita 260 a miƙe ba, rabin da'irar da muka lissafa. A tsakiyar shekarun 1830 Ilori ta karya haɗakar Oyo da Bargu, Alafin Oluewu ya mutu, aka watse daga tsohon birnin Oyo. Sai aka zo Oshogbo wajen 1840. Mayaƙan Badun suka jira dare, suka faɗa wa sansanin Ilori a lokacin da doki ba shi da amfani, aka yi musu mummunar ɓarna.

A juya wannan dare. A ce masu gadi sun farga, Ilori ta ci Oshogbo. Me zai biyo baya? Za ta riƙe garuruwan kogin Oshun, ta karɓi gaisuwa daga Ekiti da wani ɓangare na Ijesha, wuraren da Badun ta mallaka daga baya. Wannan mai yiwuwa ne. Amma Oshogbo tana bakin kurmi ne, daga nan sharaɗin doki ya ƙare. Ƙudan tsando yana sa wa doki sammore, ya rame, ƙafafu su kumbura, ya mutu cikin makonni ko 'yan watanni. Ko a Ilori kanta ba a kiwon dawaki su hayayyafa yadda ya kamata, daga arewa ake sayo su kullum, kowace tafiya kudu kuwa asarar jari ce. A cikin kurmi hanya ɗaya ce siririya, barade ba su iya yin sahu, kowane kututture maɓoyar ɗan bindiga ne. Bindiga da albarushi kuma ta hannun Ijebu da Egba suke fitowa daga teku, wato mutanen da ake son ci su ne ke riƙe da makamin da ake buƙata don a ci su.

Hanya ɗaya ce Ilori za ta bi ta shiga kurmi: ta ajiye doki ta koma rundunar dakarun Yarbawa masu bindiga, irin ta Badun. In ta yi haka, ikon gari ya koma hannun Balogun-Balogun, wato sarakunan yaƙi, waɗanda ko a tarihin gaske sun fi ƙarfin sarki a ƙarshen ƙarnin, kuma abin da zai isa teku daular Yarbawa ce mai gaida Gwandu daga nesa. Ga kuma agogo: jiragen yaƙin Ingila sun yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, suka karɓe ta a 1861. Tsakanin Oshogbo da wannan shekara goma ce zuwa ashirin. Sakkwato ma ba ta san bakin tekun sosai ba. A wasiƙar da Bello ya ba Clapperton, Baturen Ingila da ya ziyarci Sakkwato, a 1824 zuwa ga Sarkin Ingila, garin da ya ambata a matsayin mahaɗa da jiragensu shi ne Raka, wanda ke yankin Kwara, nesa da teku.

Ƙofar kudu ta gaskiya tana wani wuri da ba a cika kallo ba. Tibati, a Kamaru ta yau, tana kan layi ɗaya da Ikko in aka ja zare daga yamma zuwa gabas. Wato daular ta riga ta kai kudancin da ake mafarki, sai dai ta kan tudu ta bi. Tudun Adamawa ya haura mita 1,000, ciyawa ce da sanyi, shanu da dawaki suna rayuwa. Shi ya sa a nan iyaka ta ci gaba da tafiya har ƙarshen ƙarni: Ngaundare tana kai hari ƙasar Gbaya har cikin Afirka ta Tsakiya ta yau, Tibati tana matsawa wajen kogin Sanaga. Da Jamusawa ba su iso a 1899 ba, da an ƙara wasu ƙananan masarautu a nan. Amma ko a nan alamun tsayawa sun bayyana. Bamum sun kewaye Fumban da ganuwa da rami sun tsira, Lamidon Tibati kuma ya shekara kusan goma sha ɗaya yana zobe wa Ngambe, garin Tikar, bai ci ba har Jamusawa suka tarar da shi a sansani. Da an gangara daga tudun an shiga kurmin kudancin Kamaru, labarin Oshogbo ne zai maimaita kansa.

Akwai wani dalili da ba a son faɗa, amma ba a fahimtar iyakar kudu sai da shi. Arzikin masarautun bakin iyaka, irin su Bida da Kontagora da Ngaundare, ya dogara ƙwarai a kan bayi, da su ake biyan gaisuwa, da su ake sayen doki. Mutanen da suka karɓi amana suna biyan jiziya, ko suka musulunta, shari'a ta hana a kama su. Don haka sarkin iyaka yana da riba in ya bar wata ƙasa a wajen daula tana zama wurin hari. Bida ta ƙetare Kwara da jiragen Kede, Nufawan bakin kogi, ta kai Kabba da Akoko har Auci, amma yawancin wannan ƙasar karɓa ake yi daga gare ta, ba a gina mulki a cikinta ba. Tibi kuwa, da ba su da sarki ɗaya da za a kayar a ce an ci ƙasa, ga kibiya mai dafi ga tsando a kwarin Binuwai, ba a taɓa cin su ba.

In da an kafa sojan bindiga fa?

Wannan ita ce tambayar da ta rage, kuma Rabe, mayaƙin da ya fito daga Sudan, ya amsa rabinta. A 1893, da 'yan bindiga 'yan dubbai masu horo da albashi, waɗanda ba su komawa gona da damina, ya rushe Barnon da ta gagari jihadi shekara tamanin. Runduna irin wannan tana karya lissafin kwana 150. Sai dai tana buƙatar baitulmali na tsakiya da hanyar albarushi da ba ta yankewa, Sakkwato kuwa ba ta da ko ɗaya. Bindigogin da suka shigo da yawa ta Kwara suka shigo, suka tsaya a hannun Masaba na Bida, wanda ya yi ƙoƙarin kada su wuce shi zuwa arewa. Kuma Sarkin Musulmin da ya tara irin wannan soja, sarakunansa zai fara tsoratarwa kafin abokan gaba. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta tashi ne a kan naɗin sarki ɗaya da Sakkwato ta dage a kai, kuma a ƙarshe Sakkwato ce ta haƙura ta amince da Aliyu Babba na Kano, wanda ba shi ta so ba, ya zama sarki. Daular da ba ta iya tilasta wa Kano sarki ba, ba za ta iya karɓar kuɗin Kano ta gina sojan da zai iya tilasta mata ba.

Idan aka haɗa canje-canjen da hankali zai ɗauka, kowanne ya faɗo daidai, taswirar da za ta fito ta tashi daga Dori da ƙasar Gurunshi zuwa kogin Shari, daga Adar da Damagaram zuwa Oshun da mahaɗar Lakwaja da Sanaga. Tasirin wannan da ya fi daɗewa a kan iyakar Najeriya da Nijar zai bayyana. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, da sharaɗin cewa duk abin da yake na Sakkwato ya faɗa ɓangaren Ingila. A 1898 aka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, a 1904 da 1906 aka sake gyarawa don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. A duk wannan ciniki, hujjar Faransa ita ce Maraɗi da Tsibiri da Dosso da Damagaram ba su bin Sarkin Musulmi. Da an rufe waɗannan ramuka tun shekarun 1840, da wannan hujja ba ta samu ba, kuma da wuya Faransa ta sami hanyar da za ta haɗa Yamai da Zinder ta cikin ƙasar noma.